Daga Bindiga zuwa Gilashi: Tarihin Madubin Hangen Tsuntsaye

Madubin hangen nesa da masu kallon tsuntsaye ke kafawa a kan ƙafa uku a yau sassa uku gare shi. A goshinsa akwai babban gilashi mai tattaro haske, wanda faɗinsa kan kama daga milimita 50 zuwa sama da 100. A cikinsa akwai firizim, wato dunƙulen gilashi mai kusurwoyi da ke miƙe hoton don kada tsuntsu ya fito kai a ƙasa ƙafa a sama. A bayansa kuma akwai maleƙa, ɗan gajeren bututu mai jerin ƙananan gilasai inda ake kara ido, ita ce ke ƙara girman abin da ake kallo, yawanci sau 20 zuwa 60. Cikin ukun nan babu wanda aka ƙirƙiro saboda tsuntsu. Masana taurari, matuƙan jirgin ruwa, sojoji, maharban barewa da 'yan gasar harbi aka yi wa su. Masu tsuntsaye kuwa da kayan aro suka yi ta aiki har kusan ƙarshen ƙarni na 20.

A watan Oktoba na 1608 wani mai sana'ar tabarau a garin Middelburg na ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi hukuma ta ba shi takardar mallakar wata fasaha: bututu mai gilashi biyu da ke jawo nesa kusa. An hana shi takardar, domin ya bayyana cewa wasu ma sun san dabarar. Shekara ta zagayo Galileo ya haɗa nasa a Italiya, ya yi ta gyara har ya kai ninki 20. Maleƙarsa gilashi ne mai kwarmi a tsakiya, tana nuna abu a tsaye yadda yake, sai dai filin da take buɗewa ƙarami ne ƙwarai, ko farin wata ba ya shiga gaba ɗaya a leƙe guda. A 1611 Johannes Kepler ya kawo shawarar a sa gilashi mai tudu a maimakonsa. Fili ya buɗe, amma hoto ya kife. Masanin taurari bai damu da wannan ba, tunda tauraro ba shi da sama da ƙasa. Mai leƙen jirgin abokan gaba kuwa ba zai lamunta ba, shi ya sa a 1645 wani malamin coci, Schyrleus de Rheita, ya bayyana yadda za a ƙara gilasai a cikin bututun su sake juyo da hoton daidai. Ƙarin gilasan nan ya sa bututu ya yi tsawo, tsawon kuma ya sa aka riƙa ƙera shi gaɓa-gaɓa da tagulla, wata gaɓar na shigewa cikin wata. In an zare shi duka sai ya miƙe zaƙaƙai kamar kakaki.

Matsala ta biyu launi ce. Gilashi guda ba ya tara launukan haske a wuri ɗaya, don haka duk abin da aka kalla sai a ga gefensa da zoben bakan gizo. Wani lauya Bature ɗan Ingila, Chester Moore Hall, ya gano maganin a farkon shekarun 1730: a haɗa gilashi iri biyu, ɗaya mai dalma ɗaya marar ita, kuskuren wannan ya cinye na wancan. John Dollond na Landan ne ya karɓi takardar mallakar dabarar a 1758, ya kuma ci kasuwarta. Ita ma maleƙa ta yi ta samun gyara a hannun masana: Huygens a shekarun 1660, Ramsden a farkon shekarun 1780, Carl Kellner a Wetzlar ta Jamus a 1849, Simon Plössl a Biyana a 1860. Shagon da Kellner ya kafa shi ne daga baya ya zama Leitz, masu Leica.

Duk tsawon wannan zamani masana tsuntsaye ba su ɗauki madubin a bakin komai ba, kuma suna da hujja. Ɗan tsuntsu ba ya zama wuri ɗaya, kafin a zare bututu a daidaita shi ya tashi. Ko an gan shi ma, babu littafin da zai faɗi yadda ake gane shi daga nesa, domin littattafan lokacin siffar gawa suke bayarwa: tsawon fiffike, adadin gashin wutsiya, launin cikin baki. Kayan aikin masani bindiga ce da ƙananan harsasai. John James Audubon, wanda zane-zanensa na tsuntsayen Amurka suka fito tsakanin 1827 da 1838, harbo su yake yi ya ɗaure da waya a kan allo ya zana. In mutum ya ce ya ga baƙon tsuntsu bai kawo fatarsa ba, ba a rubuta maganarsa. Akwai 'yan tsiraru da suka bi wata hanya, irin su Gilbert White, limamin coci a ƙauyen Selborne, wanda a littafinsa na 1789 ya rarrabe wasu ƙananan tsuntsaye iri uku masu kama da juna ta hanyar kukansu. Amma da kunne ya yi wannan aikin.

Abin da ya fara karya ƙarfin bindiga ba dogon madubi ba ne, ɗan tabarau ne mai ido biyu da Turawa ke zuwa da shi gidan wasan kwaikwayo, wanda ninkinsa bai wuce uku zuwa huɗu ba. A 1889 Florence Merriam ta wallafa littafi a Amurka tana koya wa mutane gane tsuntsaye da shi ba tare da an kashe su ba. Shekara biyar bayan haka, a 1894, kamfanin Zeiss na garin Jena ya fitar da tabarau mai firizim. Dabarar ta Ignazio Porro ce ɗan Italiya tun 1854, sai dai gilashin zamaninsa bai kai ba, sai da Ernst Abbe ya sake gano ta, Otto Schott kuma ya narka gilashi mai tsabtar da ake bukata. Firizim yana naɗe hanyar haske a cikin ɗan wuri yana kuma miƙe hoton, don haka aka huta da dogon bututu. Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A Kirsimetin 1900 Frank Chapman ya nemi a bar gasar harbin tsuntsaye da aka saba a ranar a koma ƙidaya su, mutum 27 suka amsa kira. A 1901 Edmund Selous ya fitar da littafinsa na kallon tsuntsaye a Ingila bayan ya ajiye bindiga. Abin mamaki, yayansa Frederick Selous yana cikin mashahuran maharban giwa a Afirka. Dokokin kare tsuntsaye suka biyo baya, ta Amurka a 1918, ta Birtaniya a 1954. A 1934 kuma Roger Tory Peterson ya fitar da ɗan littafin aljihu mai kibiyoyi da ke nuna alamar da za a duba a jikin tsuntsu mai rai.

Tabarau mai ido biyu yana da iyaka, iyakar kuwa hannu ce. Da zarar ninki ya haura goma, rawar hannu da bugun jini su ma an ninka su, hoto ya shiga rawa. A daji wannan ba damuwa ba ce, domin tsuntsu na kusa. Amma dinyoyin da ke kiwo a buɗaɗɗen fili, da tsuntsayen da ke tsintar abinci a taɓon bakin teku, da masu wucewa can bisa ruwa, ba sa bari a matso. Saboda su ne masu kallo a Birtaniya suka koma ga tsohon madubin tagulla, irin wanda masu farautar barewa a tsaunukan Sikotilan ke ratayawa a kube na fata. Kamfanonin Landan irin su Ross da Broadhurst Clarkson ne ke ƙera shi. Yadda ake amfani da shi ma abin kallo ne. Mutum ya kwanta rigingine a kan yashi ko tsakuwa, ya harɗe ƙafafu, ya ɗora goshin bututun a kan gwiwa ko a kan takalmi, ya riƙa tura gaɓar ƙarshe yana jawo ta har hoton ya fito. In akwai katanga ko shinge ko kafaɗar aboki, an samu sauƙi. Duk zarewa ɗaya bututun na zuƙar iska mai laima, gilashi ya yi gumi daga ciki, a ƙasar da ruwan sama ba ya yankewa. Duk da haka, a wannan zamani ne, cikin Disamba 1945, Peter Scott ya tsinto dinyoyi biyu na wani jinsi da ba a cika gani ba a cikin babban garke a Slimbridge, bakin kogin Severn. Bambancinsu da sauran ɗan gajeren baki ne da siririn zobe rawaya a kewayen ido. A wurin ne ya kafa cibiyar kula da tsuntsayen ruwa a 1946.

Gyara mafi amfani da aka samu a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ba a ganinsa da ido. Kowace fuskar gilashi da haske ya ratsa tana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari baya. Madubi mai fuska goma yana zubar da kusan sulusin haskensa, kuma hasken da ya ɓace yawo yake yi a cikin bututu yana dusashe hoton. A 1935 Alexander Smakula na Zeiss ya samo hanyar shafa wa gilashi wani siririn rufi da ke rage wannan asara. Sojan Jamus suka riƙe shi a matsayin sirri, sai bayan yaƙi ya bazu. In ba don shi ba, da ba a iya cusa gilasai takwas ko goma a maleƙa ɗaya kamar yadda ake yi yanzu ba.

Siffar madubin yau daga filin gasar harbi ta fito. Mai harbin allo daga nisan mita ɗari ko fiye yana son ganin inda harsashinsa ya huda ba tare da ya tashi ba, don haka aka yi masa gajeren madubi mai firizim a kan 'yar ƙafa kusa da kafaɗarsa. Da yake a kwance rubda ciki yake, sai aka karkata maleƙar wasu zuwa sama, da kusurwar digiri 45, don ya leƙa ba tare da ya sake zama ba. Bausch & Lomb na Amurka sun yi irinsa, haka kamfanin Kowa na Japan, waɗanda aka yi amfani da nasu a gasar harbi ta Olamfik ta Tokiyo a 1964. Bushnell, wanda ya fara da shigo da tabarau daga Japan a 1948, ya fitar da Spacemaster mai goshin milimita 60, ya zama na kowa da kowa a Amurka. Turawan Birtaniya sun daɗe ba su saki mai zarewa ba. A shekarun 1960 da 1970 na Jamus suke saye, Nickel Supra da Hertel & Reuss da Optolyth, marasa nauyin tagulla amma masu kwanciya iri ɗaya. Sai wajen ƙarshen shekarun 1970 ƙafa uku ta zama ruwan dare. In za a yi adalci, ita ce ta fi kowane gilashi sauya al'adar. Madubin da ke tsaye da kansa ana iya kafa shi a kan tsuntsu ɗaya na awa guda, a saki hannu a yi zane ko rubutu, a kira wani ya zo ya leƙa abin da aka gani.

Wannan na ƙarshen yana da nauyi, domin a daidai lokacin ma'aunin shaida yana sauyawa. A 1959 aka kafa kwamitin tantance baƙin tsuntsaye a Birtaniya, mai karɓar bayani a rubuce daga wanda ya gani. A 1962 kuma mujallar British Birds ta yi watsi da rahoto kusan 600 na baƙin tsuntsaye da aka ce an harbe a kewayen garin Hastings tsakanin 1892 da 1930. Akasarinsu ta shagon wani mai cusa fatun tsuntsaye guda suka biyo, kuma lissafi ya nuna yawansu ya wuce hankali. Gawa a hannu, wadda aka ɗauka ita ce hujjar da ba a ja da ita, ta tabbata ana iya kawo ta daga wata ƙasa. Mai kallo da gilashi ya samu daraja, amma an ɗora masa nauyin faɗin abin da ya gani dalla-dalla.

Dalla-dallar nan ce ta kai ga gilashi mai tsada. Zoben launin da Dollond ya rage bai mutu duka ba, a ninki 40 ko 60 yana dawowa, shuɗi-shuɗi a gefen farin tsuntsu. Tun 1886 Abbe ya san cewa wani ma'adini mai suna fulorayit yana kashe shi, ya kuma sa shi a madubin duba ƙwayoyin cuta, amma ba a samun manyan gutsattsarinsa masu tsabta sai da kamfanonin Japan suka koyi haɗa shi a masana'anta. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin Kowa ya fitar da madubi mai goshin milimita 77 na fulorayit, Nikon kuma suka zo da nasu mai wani gilashi na musamman da ake yi wa alamar ED. Kamfanonin Leica da Swarovski suka shigo kasuwar a shekarun 1990. Littattafan lokacin sun nuna irin dalla-dallar da ake nema. Na Peter Grant a kan tsuntsayen teku na 1982, da na Hayman da Marchant da Prater a kan tsuntsayen bakin ruwa na 1986, suna koyar da gane shekarun tsuntsu daga gefen gashinsa ɗaya-ɗaya: wanne ne sabo, wanne ya goge, wanne ke da farin baki. Da madubin tagulla a kan gwiwa wannan ba ya yiwuwa. A gefe guda akwai Questar na Amurka, ɗan madubin taurari mai faɗin milimita 89 da ke aiki da madubin fuska a ciki maimakon gilashi zalla. Kaifinsa ya fi na kowa, sai dai tsada da ƙuncin fili da juya dama zuwa hagu sun hana shi yaɗuwa.

Gardamar da ta fi daɗewa a kan maleƙa aka yi ta. Lissafinta mai sauƙi ne. In an raba faɗin gilashin goshi da ninki, abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke shiga ido. Goshin milimita 60 a ninki 20 yana ba da milimita 3, daidai da buɗewar ƙwayar ido da rana. Shi ɗin dai a ninki 60 milimita 1 kacal yake bayarwa, hoto ya yi duhu, fili ya tsuke, ɗan motsin iska ya girgiza komai. Masu talla sun daɗe suna rubuta babban ninki a jikin kwali, sabon shiga kuma ya bi lambar ya saya. Tsofaffin hannu sun gwammace maleƙa mai ninki ɗaya tak, 20 ko 30, mai faɗin fili, zuriyar wadda Heinrich Erfle na Zeiss ya tsara wa soja a lokacin yaƙin duniya na farko. Dalilinsu shi ne neman tsuntsu ya fi kallonsa wuya, fili mai faɗi kuma shi ke nemo shi. Maleƙa mai zuƙowa, wadda ake murɗawa daga 20 zuwa 60, ta daɗe da baƙin jini, kuma ta cancanci hakan: a ƙasa ƙunci, a sama duhu. Sai a shekarun 1990 Swarovski da Leica suka wanke sunanta, sannan wajen ƙarshen shekarun 2000 aka fito da mai 25 zuwa 50 wadda ta haɗa zuƙowa da faɗi. Tun daga nan mai ninki ɗaya ta ja baya a kasuwa. Wani gyara da ba a cika ambata ba shi ne tazarar ido. Tsofaffin maleƙu sai an manna ido a jikinsu, mai sa tabarau ba ya ganin rabin filin. Na yanzu kan ba da tazarar milimita 15 zuwa 20. Kusan kowane kamfani da irin bakin da maleƙarsa ke shiga, ta wannan ba ta hawa madubin wancan, in ban da kaɗan irin su Pentax da suka ɗauki ma'aunin masu kallon taurari.

Tsakanin miƙaƙƙe da karkatacce ba a taɓa yanke hukunci ba. Turai ta rungumi karkatacce da wuri, Amurka ta daɗe a kan miƙaƙƙe. Karkatacce ba ya bukatar doguwar ƙafa, don haka iska ba ta kaɗa shi sosai, dogo da gajere na iya leƙa shi ba a taɓa saiti ba, kuma wuya ba ya ƙagewa in ana bin shaho a sama. Miƙaƙƙe ya fi sauƙin aunawa, ya fi dacewa da tagar mota ko ta bukkar ɓuya. Girman goshi kuwa ciniki ne tsakanin haske da kafaɗa. Na milimita 80 yana tara haske kusan ninki biyu na mai 60, amma da ƙafarsa da komai nauyin kan kai kilo huɗu ko biyar, madubin da aka bari a gida saboda nauyi kuma bai nuna wa kowa tsuntsu ba. A 2012 Swarovski suka raba madubin gida biyu, a sayi baya ɗaya a riƙa sauya masa goshi babba ko ƙarami.

Abin da kuɗi bai iya gyarawa ba shi ne iskar da ke tsakanin gilashi da tsuntsu. Ƙasa in ta yi zafi, iskar da ke kanta tana tashi tana murɗa haske, madubi kuma yana ninka kawalwalniyar tare da tsuntsun. Wannan ya fi tsanani a ƙasashe masu zafi. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a Turai a 1967, ta haɗo Afirka daga 1991, kuma fadamun Hadejiya da Nguru na cikin wuraren da ake yin ta, inda agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa da suka tsere wa sanyin Turai da Saberiya ke cakuɗa da kirinjijiya da dinya. A watan Janairu ake ƙidayar, tsakiyar hunturu, ga hazo ga ƙura. A irin wannan yanayi ninki 30 da sanyin safiya ya fi ninki 60 da rana tsaka nuna abu, kuma madubin da aka toshe aka cika da iskar naitirojin, wanda aka yi don ruwan saman Turai, shi ne ke hana ƙura shiga.

Sauyi na baya-bayan nan daga Malesiya ya zo. A 1999 wani mai kallon tsuntsaye, Laurence Poh, ya kara ƙaramar kyamarar dijital a kan maleƙar madubinsa ya ga hoto ya fito, ya kuma yaɗa dabarar ta intanet. Cikin 'yan shekaru ta game duniya, domin ta ba mai madubi abin da a da sai mai kyamara ta maƙudan kuɗi ke samu. Da wayoyin hannu suka zo abin ya ƙara sauƙi, tunda ɗan idon kyamarar waya bai fi ƙwayar idon mutum girma ba, ɗigon hasken da ke fita daga maleƙa yana cika shi. Kwamitocin tantancewa yanzu hoto suka fi karɓa a kan dogon bayani. Kamfanoni kuma sun shiga ƙera zobban da ke riƙe waya daidai tsakiyar maleƙa, har faɗin bakinta da tazarar idonta sun shiga cikin abin da mai saye ke tambaya kafin ya biya.